Yaro yana karanta Turanci amma bai san me ya karanta ba: tambayoyin iyaye da amsoshinsu

Waɗannan tambayoyin su ne iyayen yara suke ta maimaita min, wasu a taron SBMC, wato kwamitin al'umma mai kula da makaranta, wasu a bakin masallaci bayan la'asar, mata kuma yawanci aike suke yi ko su tare maiɗakina a gidan suna su ce a tambayar musu malam. Ni malamin firamare ne a ƙauye nan ƙasar Ringim, abin da nake gani a aji da abin da aka koya mana a wajen bita shi zan faɗa. Na haɗa su wuri ɗaya ne don in an sake tambaya kawai in turo.

Malam yarona yana aji biyar, in ya ɗau littafin Turanci karantawa yake tiryan-tiryan ba gargada, amma jarrabawa ta zo ya faɗi. Me ke faruwa?

Toh Alhaji karatu kashi biyu ne, akwai furta abin da ke rubuce akwai kuma gane shi, kuma yaro yana iya ƙwarewa a na farko alhali na biyun ko hanyarsa bai bi ba. A yawancin ajujuwanmu malam ne zai karanta layi yara su amsa gaba ɗaya da ƙarfi, a yi ta maimaitawa har ya zauna musu, ga yaranmu kuma masha Allah akwai kaifin hadda tunda da ita suka tashi, sai ka ga yaro ya haddace shafi guda yana bin sa da yatsa kaman gaske, ko ka rufe littafin ma zai ci gaba da zubowa. Ranar jarrabawa kuwa labarin da za a kawo masa sabo ne fil bai taɓa ji ba, a ce ya karanta ya amsa tambayoyi, wanda ake cewa kwamfirihenshan ɗin nan, a nan ne asiri yake tonuwa.

Gwajin mai sauƙi ne. Ka buɗe masa shafin da ba a kai ba a makaranta, ya karanta layi huɗu biyar, ka karɓe littafin ka ce toh ba ni labarin da Hausa. In ya tsaya yana sosa ƙeya ko ya hau maimaita maka Turancin, ka gano inda matsalar take. In kuma sabon shafin ma ya kasa furtawa to shi tukuna haɗa baƙi ne bai zauna masa ba, sai a koma can baya, ba abin kunya ba ne.

Ni ko aji ɗaya ban yi ba, ko zo in kashe ki ba na ji da Turanci, me zan iya yi masa?

Inna wallahi ke ce ma kika fi dacewa da aikin nan. Mu da muke jin Turancin yaro yana iya yi mana wayo ya tsinto layi daga littafin ya maido mana mu ce madalla, ke kuwa ba shi da wannan hanyar, dole sai ya juya miki shi zuwa Hausa, kuma ba a juya abin da ba a gane ba. Kina tankaɗe ko kina tsinkar zogale ki ce ya zauna gefenki ya karanta da ƙarfi, in ya gama ki fara tambaya irin yadda za ki tambayi wanda ya dawo daga unguwa. Su waye a labarin? A ina abin ya faru? Me aka fara yi, sai kuma me? Don me ya yi haka? Kai da kai ne me za ka yi?

Kada ki ce ai ba za ki san ko gaskiya yake faɗa ba, za ki sani, domin labarin da aka ƙirƙira ba ya haɗuwa. Ɗazu ya ce akuyar ta mutu yanzu kuma ya ce an kai ta kasuwa, sai ki ce a'a tsaya, wanne ne a ciki, koma ka duba. Wannan koma ka duba ɗin da kika ce masa shi ne ainihin abin da ake nema wajen ɗalibi, ya koma cikin rubutu ya nemo hujja, mu ma a aji abin da muke fama a kai ke nan.

Sannan tatsuniyar dare da aka fara watsarwa saboda kallon waya, dan Allah a dawo da ita. In kina ba su labarin Gizo da Ƙoƙi ki tsaya a tsakiya ki ce me kuke gani zai faru, wa ya cuci wani a nan, washegari ki ce ƙaramin ya maimaita wa wanda ya yi barci. Yaron da ya saba bin zaren labari da Hausa yana tafiya da wannan iyawar cikin Turanci, kalmomi kawai za su rage masa.

Ni Turanci nake so ya iya, me ya sa kuke ɓata lokaci da karatun Hausa a ƙananan aji?

Ba ɓata lokaci ba ne Baba. Haɗa baƙi sau ɗaya ake koyonsa a rayuwa, kuma ya fi saurin shiga da harshen da yaro yake ji. Rubutun Hausa kusan yadda ake faɗa haka ake rubutawa, b da a ba, k da i ki, baki, yana haɗawa ya ji kalmar da ya sani sai ya yi murmushi don ya gane ashe rubutu magana ce. Turanci kuwa haruffa 26 ne amma sautukan sun kai wajen 44, harafi ɗaya yau ya yi wannan ƙara gobe ya yi wata, ga shi kuma in ya sha wahala ya furta kalmar bai san ma'anarta ba, wahala biyu a lokaci ɗaya. Tun manufar ilimi ta ƙasa ta 1977 aka ce a fara da harshen da yaro ya tashi da shi a farkon firamare sannan a koma Turanci, gwamnatoci dai suna ta sauya magana a kai amma ni abin da nake gani a aji bai sauya ba, yaran da suka iya karanta Hausa sosai su ne suke saurin kama Turancin.

Makarantun kuɗin da suke cin tarar yaro wai ya yi banakula, wato ya yi Hausa a makaranta, nasu ra'ayin ne, amma a gida kar a ɗauko wannan dokar. Yaron da aka hana shi tambaya da harshensa shiru kawai zai yi.

Wane wuri ne yaranmu suka fi yin tuntuɓe in suna karanta Turanci?

Akwai wuraren da kusan duk ɗan Bahaushe sai ya ci karo da su, in yayansa ko wani mai ɗan boko a gidan ya san su aikin zai yi sauƙi. Na farko harafin c, a Hausa shi ne na ciki da cokali, saboda haka yaron da ya iya Hausa in ya ga cat zai ce cat irin ta Hausa, sai an nuna masa cewa a can k ce, wani lokacin kuma s kaman a city. Sai p da v da q da x waɗanda babu su a baƙaƙen Hausa, shi ya sa pan da fan suke zama abu ɗaya a kunnensa, haka pull da full. Sai baƙi biyu uku a jere ba wasali a tsakani, bakinmu bai saba ba sai mun cusa wasali, abin da ya mai da bread burodi ke nan. Sai haruffan da ake rubutawa ba a furtawa irin k ta farkon knife.

Amma ni a ganina kar a tsaya dogon faɗa a kan lafazi, in dai ya san cewa pan ta suya ce fan kuma fanka ce to bakin zai gyaru a hankali. Abin da ya fi kashe fahimta wasu ƙananan kalmomi ne da ba a kula da su. Misali it, mu a Hausa komai ko shi ne ko ita, akuya ita ce, rago shi ne, to in ya ga it bai san wa ake nufi ba sai ya tsallake. Haka because da but da so, waɗannan su ne suke ɗaure labari. Haka aikatau masu sauya kama, ya san go amma bai san went ita ce dai in an riga an tafi ba, ya san buy ya ga bought ya ɗauka baƙuwa ce.

A nuna mana yadda zaman zai kasance, don mu kwaikwaya.

Bari in ba da ɗan gajere wanda za a iya rubutawa a bayan littafin rubutu:

Amina went to Gujungu market on Sunday. She bought a goat. It was thin, so her father was not happy.

Kafin ya karanta a ɗan yi hira da Hausa, ka taɓa zuwa Gujungu ranar Lahadi, me ake sayarwa a kara, wannan yana buɗe masa kai. Sai ya karanta a zuci sau ɗaya, da ƙarfi sau ɗaya. Sai a ce ya nuna kalmar da bai sani ba, yawanci thin zai nuna, kar a yi saurin gaya masa, a ce toh baban bai ji daɗi ba, me kake gani zai sa uba ya ɓata rai in an sayo akuya? Zai ce ko ta yi tsada ko ramammiya ce ko mara lafiya, ka ga ya kusa, sai a tabbatar masa ramammiya ce. Daga nan tambayoyi, a fara da na sama-sama, wa ya je kasuwa, yaushe, me ta saya. Sai masu ɗan nauyi, It ɗin nan wa ake nufi, Amina ce ko kasuwar ko akuyar? Don me baban bai yi murna ba? Na ƙarshe wanda amsarsa ba ta rubuce a ciki, kana ganin me baban zai ce mata? A bar shi ya amsa da Hausa tukuna, in amsar ta yi daidai sannan a ce toh gwada faɗa da Turanci ko da kalma biyu ce. Duka-duka minti 15 zuwa 20 ya isa, in ya wuce haka yaro hamma zai fara.

A rubuta masa kalmomin tambaya shida a jikin kwali a manna a bango, who wa, what me, where ina, when yaushe, why don me, how ta yaya. Yara da yawa sun gane labarin sarai, tambayar ce ba su gane ba, a tambaye su where su ba da amsar when.

Ba mu da littafi ko ɗaya, na makaranta ma ba a bari su zo da shi gida.

Haka ne, amma Turanci a rubuce ya cika gidan ba a lura ba ne. Bayan ledar Indomie akwai yadda ake dafawa mataki-mataki, ya karanta ya gaya wa yayarsa me za a fara sawa. Buhun taki akwai rubutu, kwalin sabulu, gwangwanin madara, katin rigakafin ƙaninsa, takardar naira, saƙonnin da kamfanin waya yake turowa, fastar 'yan siyasa da ta cika bangon kowa. Kwalin magani ma ana iya karantawa don koyo amma dan Allah kar a dogara da karatun yaro wajen ba wa mara lafiya magani ko haɗa maganin feshi, wannan a tambayi ma'aikacin lafiya ko malamin gona.

Sai dai waɗannan ba sa maye gurbin labari. In wani zai shiga Kano ko Dutse ko Haɗeja a ba shi saƙon ƙananan littattafan labari masu hoto, na hannu ma sun yi, masu shimfiɗa littattafai a bakin kasuwa suna da su. Wajen zaɓa a buɗe shafi ɗaya yaron ya karanta yana lanƙwasa yatsa duk inda ya ci karo da kalmar da bai sani ba, in yatsun hannu ɗaya suka ƙare kafin shafin ya ƙare littafin ya fi ƙarfinsa a ajiye sai gaba. Kar a ce ai yana aji shida dole a sayo na aji shida, in na aji biyu ne daidai shi a fara da shi. Gida uku huɗu kuma za su iya haɗa kai kowa ya sayi daban a dinga musaya.

Waya fa, tana taimakawa ko ɓata su take?

Ya danganta da hannun da take. Akwai shafukan intanet na African Storybook da StoryWeaver, kyauta ne, labaran yara ne masu hoto an jera su daga mai sauƙi zuwa mai wuya, akwai na Turanci akwai na Hausa, wani labarin ma za ka same shi da harsunan biyu sai ya fara karanta na Hausa sannan na Turanci. Akwai kuma dandalin darussa na intanet mai suna Nigeria Learning Passport da ma'aikatar ilimi ta tarayya da UNICEF suka buɗe a 2022. Tunda sabis sai an hau tudu a wasu garuruwan, ranar da aka shiga gari a sauke da yawa a ajiye a waya, a tura wa maƙwabta ta Xender, ko a kai shagon fotokwafi a fitar da biyu uku a takarda wanda ni na fi so don takarda ba ta cin caji. Amma a miƙa wa yaro waya a tashi a bar shi wai yana karatu, kafin ka dawo yana TikTok.

Da safe allo, sai boko, da yamma islamiyya, ga gona ga kiwo ga talla, yaushe za a yi wannan?

Ban ce a soke ko ɗaya ba. Tsakanin magariba da isha ko bayan an ci tuwon dare, da tocila mai caji ko ƙwan sola, kwata ɗin awa. Kullum kaɗan ya fi a tara a yi awa biyu ranar Juma'a. Da damina in ana noman farko kowa a gajiye yake dawowa, a rage zuwa layi uku kawai amma kar a yanke gaba ɗaya, domin dogon hutu yana faɗowa ne daidai tsakiyar damina kuma mu muke ganin yadda suke dawowa a watan Satumba, wani sai an sake masa sabon lale. Mai kiwo a naɗe masa takarda ɗaya a aljihu, in ya dawo ya ba da labari.

'Yan mata su na fi tausayawa, ita ce talla ita ce wanke-wanke ita ce raino, namiji yana zaune da littafi. In ana zaman nan a sa ta a ciki, kwanukan su jira.

Ɗan farina ne, ina jin nauyin in zauna in sa shi a gaba.

Na gane, alkunya ce kuma ba zan ce ki yar da ita ba. Ki haɗa shi da kakarsa, ai wasa ne tsakaninsu zai ma fi sakewa, ko gwaggonsa ko abokiyar zamanki in kuna shiri, ko ya dinga karanta wa ƙannensa ke kina daga gefe kina ji kina jefa tambaya kaman da ƙannen kike.

In fassara masa kowace kalma? Ko in saya masa ƙamus?

Kowace kalma a'a. In aka bi Turanci kalma-kalma ana maidawa Hausa abin da zai fito ba shi da kai ba shi da gindi, kuma yaron zai saba da jira a tauna a ba shi. Ya karanta jimla ta ƙare sannan ya faɗi abin da take nufi a dunƙule. Kalma biyu ko uku masu muhimmanci su za a tsaya a kai, ya rubuta su a wani ɗan littafi na daban da ma'anarsu da Hausa ko ya zana hoto, bayan kwana biyu a tambaye shi. A nuna masa kuma cewa ya riga ya san Turanci da yawa bai sani ba, tebur da bokiti da fensir da kofi da mota duk daga can suka zo, in ya ga bucket ya gane bokiti ne ƙarfin gwiwa yake samu. Ƙamus na Turanci zuwa Hausa yana da amfani daga aji biyar zuwa sama in an koya masa yadda ake nema, na Turanci zalla kuwa a wannan matakin bayanin ma sai an yi masa bayani.

Ba ya mai da hankali sai ya ga bulala.

Yaron da yake kallon hannunka ba ya kallon ma'anar labari, abin da zai koya kawai shi ne ya yi sauri ya gama. Haka dariya, in ya yi kuskure yayyensa suka fashe da dariya suna kwaikwayonsa gobe ba zai buɗe baki ba, wannan a tsawatar. In ya yi kuskure a ɗan yi shiru a ba shi dama, sau da yawa da kansa zai ji abin bai zauna ba ya koma. In kuma kullum yana kafa littafi a hanci ko yana tsuke ido ko sai an ɗaga murya yake ji, a kai shi asibiti a duba ido da kunne kafin a ce masa daƙiƙi.

In sa shi a lesin?

In da hali ba laifi, amma ka je da kanka rana ɗaya ka tsaya ta taga. In ka tarar yara talatin ne malam yana faɗa suna amsawa, abin da aka yi da safe ne ake sake sayar maka da yamma. Mai lesin na kirki za ka ga yana zama da yaro ɗai-ɗai yana sauraron karatunsa yana tambayarsa. Wani lokacin ɗan makwabta da ya gama sakandare yana zaune ba aiki, in aka nuna masa tsarin da na faɗa a sama aka ɗan dinga ba shi na sabulu ya fi lesin ɗin amfani.

Jarrabawar shiga sakandare ta matso, akwai dabarar amsa irin waɗannan tambayoyin?

Akwai, kuma ita ce dai za ta bi shi har BECE, jarrabawar kammala ƙaramar sakandare a JSS 3, da WAEC da NECO inda sai da kiredit a Turanci ake samun shiga jami'a, JAMB ma Turanci dole ne ga kowa. Ya fara karanta tambayoyin kafin labarin don ya san me yake nema. Ya karanta labarin sau biyu, na biyun da fensir yana ja wa sunaye da wurare da ranaku layi. Kowace tambaya ya fara duba kalmar farko, who ce ko why. Babbar cutar da za a raba shi da ita ita ce ya ga kalma a tambaya ya nemo layin da take ciki ya kwafe gaba ɗaya, wannan yana ci a tambaya mai sauƙi amma masu saka jarrabawa sun san da shi, da gangan suke sauya kalma, labari ya ce not happy tambaya ta ce sad. In na zaɓi ne A zuwa D ya fara soke waɗanda ya tabbata ba su ba ne, in tambaya ta tsaya masa ya wuce ya dawo mata daga baya, kuma kar ya bar gurbi ba komai. A samo tsofaffin takardun tambayoyi wajen hedimasta ko waɗanda suka zana bara, a dinga yin labari ɗaya duk bayan kwana biyu ana duba agogo, in ya ba da amsa ko daidai ce a ce ya ɗora yatsa a kan layin da ya samo ta.